An Cika Masa Shafi da Kuka

Ranar da aka fitar da kwafin farko na littafin, Bahago ya riga mai shara isa maɗaba'a. Wata goma sha huɗu ya yi yana zana shi da hannun hagun nan da ya ja masa laƙabi, laƙabin da ya danne sunansa na yanka har ya zama ko a bangon littafi shi ake bugawa. Ya tsaya kusa da babban injin yana shaƙar warin tawada da gam, sai mai ɗaurin littattafai ya zaro guda daga cikin tari ya miƙa masa ya ce, "Ga amaryarka nan, da ɗuminta."

Littafin tsohuwar waƙa ce aka mayar labari cikin zane, irin wanda ake raba shafi akwati-akwati ana sa maganar mutane cikin ƙawanya a saman kawunansu. Waƙar kuwa babu ɗan makarantar da bai sha wahalar haddarta ba. Marsiyya ce mai baiti sittin da ɗaya, wani masaƙi ya yi wa matarsa shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Sunan masaƙin ya ɓace, waƙar ta tsira. Abin da ya ɗaukaka ta shi ne daga farko har ƙarshe mutumin bai ce ya yi kuka ba. Ɗakinsu kawai yake aunawa. Ya ce a da taku huɗu ne daga ƙofa zuwa gado, yanzu in ya taso da hantsi sai rana ta faɗi bai isa ba. Kowane baiti ɗango biyu ne, in ban da na arba'in. Shi ɗango ɗaya ne tak: "Na waiwaya in gaya miki," daga nan sai shiru, sai baiti na gaba.

A kan wannan baitin Bahago ya fi daɗewa. Ya ba shi shafi biyu masu fuskantar juna, bai ja akwati ko ɗaya ba. Can ƙasa a kusurwar hagu ya sa masaƙin, girmansa bai wuce farce ba, ya juya baya, ya ɗan waiwayo. Can nesa a shafin dama ya sa taga mai lanƙwasasshen ƙarfe ɗaya, da ƙusa a bango ba a rataye komai ba, da tabo huɗu a ƙasa inda ƙafafun gado suka taɓa zama. Sauran duk farar takarda. Sati uku ya yi yana zanawa yana gogewa kafin ya yarda ya bar ta haka.

Ya buɗe littafin a tsaye, yana wuce shafuka da babban yatsa. Launi ya fita, layi bai goce ba. Da ya isa wurin sai ya ɗauka an haɗa masa da shafin wani littafi. Ya duba lamba, ya sake dubawa.

An yanka shafukan akwati tara. An ɗauki masaƙinsa an hura shi ya cika rabin shafi, an juyo da fuskarsa, an wage masa baki, hawaye na zuba kamar igiyar rijiya. A sama matar tana zaune cikin gajimare tana murmushi, tattabaru na kewaye ta. A cikin ƙawanyar magana an rubuta "Wayyo matata, ina zan sa kaina?" Tagar da ƙusar sun ɓace. Kuma a ƙarƙashin ɗangon nan guda an liƙa masa na biyu, an cike baitin.

"Lafiya dai, Malam Bahago?" in ji mai ɗauri, don ya ga jijiyar wuyansa ta miƙe.

Bahago ya rufe shafin. Ya naɗe littafin kamar mai shirin kashe kunama, ya hau bene.

Editan kamfanin mutum ne mai jiki, mai sanyin magana, wanda bai taɓa ɗaga murya ba sai dai ya ɗaga gira. Yana shan shayi yana ƙoƙarin ɓare ƙwayar maganin hawan jini lokacin da Bahago ya turo ƙofa ya shimfiɗa littafin a kan teburinsa, har shayin ya fantsalu.

"Yallaɓai, wane ne ya yi wannan ɓarnar?"

"Zauna tukuna."

"A tsaye na gan ta, a tsaye zan ji amsa."

Edita ya haɗiye ƙwayarsa, ya goge teburin da gefen hannu. Ya ce sashen zanensu ne suka yi a kwamfuta, kuma shi ya sa su. Ya ce bara sun buga wani littafi da ke da shafi ɗaya fari, makarantu suka riƙa dawo da shi kwali-kwali suna cewa injin ya tsallake. Ya ce masu karanta wannan yara ne 'yan shekara goma sha huɗu.

"Yaro in bai ga hawaye ba bai san ana baƙin ciki ba. Ka ba shi farar takarda, zana mata mota zai yi."

"To ya zana. Gara motarsa da tattabarunku. Shekara nawa waƙar nan tana sa manya kuka ba ta zubar da ɗigon hawaye ɗaya ba? Sai yau kuka gano mutumin bai iya makoki ba, kuka kai shi kwamfuta ta koya masa?"

"Kai mai zane ne, ni mai sayar da littafi ne."

"Ka dubi bakin nan da aka wage masa. Wannan mai ciwon haƙori ne, ba wanda matarsa ta mutu ba. Ita kuma wa ya hau da ita gajimare? A waƙar ko fuskarta ba a ambata ba. Duk littafin ban zana ta ba, da gangan. Shafi tamanin na ɓoye ta, ku kun fito da ita tana washe baki kamar mai tallan man goge haƙori. Ɗangon nan kuma daga ina?"

"Yana cikin wani tsohon kwafi."

"Na jabu ne. Wani magatakarda ne ya ƙara shi daga baya. Yayata ta rubuta babi guda tana tona asirinsa. Bari ta gani, za ka san ka taɓo gidan rina."

Edita ya ture kofin shayin gefe. Ya ja aljihun tebur ya fito da kwafin gwaji, wanda ake sa wa hannu kafin a kunna inji, ya buɗe shafin ya juyo masa da shi. A ƙasan akwatunan tara akwai sa hannu da jar tawada, irin wadda take gyara takardun ɗalibai da ita. Ko a mafarki Bahago ya san wannan hannun. Shi ne ya sa hannu a takardun makarantarsa tun yana ƙarami.

"Na ce a kira ka," in ji Edita. "Ta ce a bar mata kai. Kwafi dubu biyar suna ƙasa, Malam Bahago. Bakin alƙalami ya bushe."

Yaya ta girme shi da shekara goma sha ɗaya. Ta yi shekara talatin tana koyar da tsofaffin waƙoƙi a kwaleji, kuma ita ta kawo shawarar littafin: ita ta tsara kalmomi da bayani, shi ya yi zane. Tun da mijinta ya rasu, 'ya'yanta suka watse, ta koma gidansu na gado ta zauna da mahaifiyarsu. Mama ta yi shekara biyu a kwance da shanyewar ɓarin jiki, ta rasu wata goma da suka wuce, littafin yana tsakiya. Ita da Yaya ne kaɗai ba sa ce masa Bahago. Auta suke ce masa.

Ya isa gidan da rana tsaka. Ya sami Yaya a falo, tabarau a kan hanci, tarin takardun jarrabawa a cinya. Ko gaisuwar kirki bai yi ba. Ta dubi abin da ke hannunsa ta ajiye jan alƙalaminta.

"Ya fito ke nan."

"Ya fito, Yaya. Ga shi da tattabaru."

"Ka zauna."

"Kowa yau so yake in zauna." Ya nufi kantar littattafanta kai tsaye, ya zaro littafin da ta rubuta shekara ashirin da suka wuce, ya buɗe inda ya sani. "Bari in karanta miki wata malama. Ta ce, 'Wanda ya cike wannan baiti ya toshe wa masaƙi baki a daidai inda ya fi magana.' Kin san ta? Da ita na yi aiki wata goma sha huɗu. Ban san ranar da aka musanya min ita ba."

"Ka rage murya, maƙwabta."

"Su ji. Ke kika koya min waƙar nan ina aji uku, kina dukan hannuna da rula in na yi saurin wuce wurin. Kika ce in tsaya in ƙirga biyar kafin in shiga baiti na gaba. Ni na ƙirga biyar ɗin a takarda. Edita jahilci ya ɗebe shi, shi na yafe masa. Ke fa? Ke da kika sani?"

"Ka gama?"

"Ban gama ba. Ko a waya ba ki gaya min ba. Kin bar ni na je da sassafe kamar ango, mai ɗauri yana min barka."

"Sau uku na kira ka ranar da aka kawo min kwafin gwaji. Ba ka ɗauka ba."

"Ina aiki."

"Kullum kana aiki, Auta." Ta cire tabarau ta miƙe da ƙyar tana dafa gwiwa. "Zo."

Ta wuce gaba ta bi siririn lungun da ke zuwa ɗakin Mama. Rabonsa da lungun tun ranar da aka fitar da gadonta. In ya zo gidan a falo yake tsayawa, ya sha ruwa, ya duba agogo. Yaya ta murɗa ƙofar, ƙofar ta buɗe rabi ta cije, don wani abu ya tokare ta daga ciki.

Ɗakin cike yake har kusa da rufi. Tsohon firiji da ya daina aiki tun suna yara, keken ɗinki marar kai, kwalayen takardun ɗalibai na shekara da shekaru, katifu biyu a jingine, kujerun roba masu karyayyun ƙafafu, fankar ƙasa, tayar mota. Har da buhunan siminti biyu da suka daskare. Ta bayan kwalayen ana hango saman tagar, da ƙarfen nan guda da ya lanƙwashe.

"Kin mayar da ɗakin Mama juji," ya ce. "Ba ki bar shi a takarda ba, ba ki bar shi a gida ba."

"Ni na kwaso su da hannuna, ɗaya bayan ɗaya. Har na maƙwabta na roƙa. Firijin nan da tabarma na ja shi." Ta jingina da bango. "Ka san abin da ya sa? Bayan an ba da gadon, sai na zama in na fito zan shiga kicin dole in wuce ƙofar nan. In na rufe ta ina jin ɗakin a bayanta. In na buɗe ina ganinsa. Sau biyu na dafa shayi kofi biyu na kawo har nan. Kai kana can ƙetaren gari da matarka da 'ya'yanka, gidanka ko wurin ajiye takalmi babu. Daga can ɗaki babu kowa abin sha'awa ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

"Wannan daban, littafi daban."

"Daban? Wace taga ka zana? Masaƙin shekaru ɗaruruwa yana da taga mai ƙarfe? Ƙusar da ka sa a bango, tsayinta daga ƙasa, ba inda take rataye jakar maganinta ba ne? Har tabon ƙafar gado ka ƙirga. Ina ofis, ɗalibai biyu a gabana, na buɗe kwafin na ga ɗakin uwata. Ba ka tambaye ni ba. Ba ka ce min, Yaya, ga abin da zan yi ba. Sai da na kori yaran na kulle ƙofa."

Fushin Bahago ya sake neman hanya. "Uwata ce ni ma. Nono ɗaya muka sha. Ina da haƙƙi a ɗakin nan."

"Kana da shi. Shekara biyu tana kwance a cikinsa, sau nawa ka shigo ka zauna? A bakin ƙofa kake tsayawa ka ce sannu Mama, ka ajiye leda, ka ce kana da aiki. Ni nake juya ta kada bayanta ya yi gyambo. Ni nake wanke ta. Bakinta ya karkace amma sunanka yana fita sarai. Ta ce ina Auta, in ce yana zane. Lokacin da ɗakin yake da mutum ba ka iya kallonsa ba. Da ya zama babu kowa ka zo ka kalla sau ɗaya, ka tafi ka yi shafi biyu da shi, a raba wa yara dubu biyar."

"Saboda haka kika rama da tattabaru."

"Ban rama ba. Edita ya nuna min nasu, na ga muni ne, na san ɗangon na jabu ne, na fi ka sani. Amma ba ɗakin Mama ba ne. Na sa hannu. Da ya kawo min zanen jaki yana busa sarewa, da na sa."

"Kin kashe waƙar da kika yi shekara talatin kina karewa."

"Waƙar ta ga waɗanda suka fi ni ɓarna ta rayu. Ni ce ban san ko zan rayu ba."

Ya tsaya yana huci. Yana jin gaskiyar maganarta, kuma jin gaskiyar ya ƙara tunzura shi. Ya jefa littafin kan kwalayen, ya ce, "Da kin ce in cire tagar, da na cire. Da na zana wani ɗakin. Abin da ba zan yafe ba, kin bar sunana a kan abin da ba ni na zana ba." Ya fita bai ja ƙofar gida ba.

Matarsa tela ce, shagonta a jikin gidansu. Ta saurare shi tana taka keke, allura biyu a baki, har ya kai aya. Sai ta zare allurar ta ce, "An cuce ka, wannan babu ja. In na ɗinka riga wani ya zo ya liƙa mata fure ya ce ni ce, sai mun kwana a ofishin 'yan sanda."

"To kin gani."

"Amma ranar da ta kira sau ukun nan ina zaune. Ba aiki kake ba. Wayar kake kallo har ta katse."

"Ke kuma ɓangaren wa kike?"

"Ɓangaren wanda zai miƙo min almakashi."

Ya miƙa mata ya ja tsaki ya shige ciki. Washegari ya rubuta wa kamfanin takarda yana neman a cire sunansa. Aka amsa masa cewa an riga an buga bango, kuma yarjejeniyar da ya sa wa hannu ta ba marubuciyar kalmomi ikon amincewa ta ƙarshe. Ya karanta yarjejeniyar a karo na farko, ya tarar haka ne.

Bayan sati uku aka yi taron gabatar da littafin a zauren babban ɗakin karatu. Bai yi niyyar zuwa ba, amma ya je, da asalin zanensa a naɗe cikin kwali a hammata. Aka zaunar da shi a babban tebur, Edita a tsakiya, Yaya a ɗaya gefen. Ba su dubi juna ba. Malaman makarantu sun cika kujeru. Wata shugabar makaranta ta tashi ta yi yabo, ta ce ta ba 'yan ajinta littafin, kuma da suka kai shafin da masaƙi ke kuka matarsa na kallonsa daga sama, yara uku sun share hawaye. Ta juyo ta ce, "Mai zane, Allah ya yi wa hannunka albarka. Wannan shafin shi ne littafin."

Aka tafa. Aka miƙa masa makirufo.

"Hajiya, na gode, amma addu'arki ta ɓata hanya," ya ce. "Ba hannuna ba ne. Kwamfuta ce a bene na biyu, sai a kai mata." Ya warware zanensa ya ɗaga shi da hannu biyu. "Ga abin da na zana. Wanda aka buga ƙarya ce, ɗango na biyun ma ƙarya ne, kuma akwai wadda ta san haka a teburin nan."

Mutane suka zuba wa takardar ido. Daga ƙarshen zauren ba a ganin komai a cikinta sai fari, har wani ya ce a juyo da ita, an riƙe ta a bai-bai. Wasu suka yi dariya. Waɗanda ke layin gaba kuwa suka miƙo wuya suna kallo, wani tsohon malami ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Edita ya ɗaga gira har ta kusa taɓa gashinsa.

Yaya ba ta kare kanta ba. Ta ɗago ta dubi takardar, ta kawar da kai, ta tattara jakarta, ta ce a hankali yadda teburin kaɗai ya ji, "Ka nuna musu ɗakin dai." Ta sauka ta bi ta tsakiyar kujeru ta fita, tana ɗan jan ƙafarta mai ciwo. Bahago ya tsaya da takarda a sama, hannayensa sun fara gajiya, bai san lokacin da ya dace ya sauke ba.

Littafin ya karɓu. An sake buga shi sau biyu yadda yake, da tattabarunsa. Edita ya aiko masa da tayin cewa a bugu na huɗu za a iya sa nasa zanen a ƙarshen littafi, a ƙanƙance, da rubutu a ƙasa cewa da gangan aka bar wurin fari. Bahago ya mayar da takardar da kalma ɗaya a bayanta, kalmar da matarsa ta ce bai kamata uban 'ya'ya ya iya rubuta ta ba. Bai sake yi wa kamfanin aiki ba. Ya koma zanen littattafan lissafi da allunan shaguna.

Wata biyar ba su yi magana da Yaya ba. Dangi suka shiga tsakani, kawunsu ya ce tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, Bahago ya ce shi ne harshen, shi aka ciza. A haka aka bar su.

Sai wata safiya babbar 'yar Yaya ta kira shi daga garin da take aure. An yi wa uwarta aikin yanar ido, an ɗaure ido ɗaya, ɗayan ma ba ya gani sosai, likita ya hana ta karatu sati shida. Ita ta zo ta yi kwana huɗu, dole ta koma wurin aiki.

"Kawu, ba ta ce in kira ka ba. Ta ma ce kada in kira ka."

Ya ajiye wayar ya yi ta zagaye a tsakar gida yana faɗa shi kaɗai, yana cewa ai tana da ɗalibai, tana da Edita, ta kira kwamfuta ta yi jinyarta. Matarsa ta tashi ta shige ciki. Da ya shiga ɗaki ya tarar ta ajiye masa takalmansa a bakin ƙofa.

Ya sami Yaya a falo da auduga a ido, tana laluben ƙaramar kwalbar magani a kan tebur. Ta gane takunsa.

"Wa ya kira ka?"

"Kawo nan, za ki ɗiga a hanci."

Ya wanke hannu, ya ɗaga mata haɓa, ya ɗiga maganin. Ɗigo na farko ya sauka a kumatu. Ta ce mai zane ke nan da ba ya iya saita ido. Ya ce ta daina motsi. Daga nan ya dumama mata ruwa, ya wanke kwanukan da suka taru, ya share falon. Da zai tafi ta nuna tarin takardun jarrabawa da kwaleji ke jira, ta ce in zai dawo gobe ya zo da tabaransa, shi zai karanta ita ta ba da maki.

Washegari ya dawo, ya yi ta dawowa har ya cika sati shidan. Bai ce ya yafe ba, ita ma ba ta nemi gafara ba, kuma ba ta ce ta yafe masa abin da ya yi a zaure ba. Sau ɗaya ya fara maganar bugu na huɗu, ta ce likita ya hana ta ɓacin rai, ya ce likita bai hana shi ba, suka yi ta yi har maƙwabciya ta leƙo. Mafi yawan rigimarsu dai a kan maki ce. Ya ce tana da rowa, yaro ya cika shafi uku ta ba shi huɗu bisa goma. Ta ce shafi uku na shirme ne, kuma shi ya cika karanta wa masu kyan rubutu da murya mai daɗi don ya saye ta.

Ranar da aka cire audugar shi ya kai ta asibiti ya dawo da ita. A mota ta yi ta karanta allunan kan titi da ƙarfi don ta gwada idon, har ta kai kan wani allon shagon gyaran waya da shi ya zana, ta ce an rubuta kalma ɗaya ba daidai ba. Ya ce haka mai shagon ya ba shi. Ta ce ai da ya gyara. Ya tsayar da motar a bakin gida, ya zagayo ya buɗe mata ƙofa yana ƙwafa, ya ce ranar Asabar zai zo da fenti, amma ita za ta je ta yi wa mai shagon bayani.